Musayar Waƙa Kan John Jay, Alƙalin Alƙalai Kuma Gwamnan New York

Malamin tarihi: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota baiti. Na buɗe fage da John Jay, alƙalin alƙalan Amurka na farko, kuma na zaɓi ƙwar biyu, amma wanda zai amsa yana da damar sauya amo.

Da sunan Allah nake fara waƙata,
Mai hukuncin da babu mai sauyawa.

A birnin New York aka haifi John Jay,
A 1745, shekara tana ƙarewa.

Kakansa ya baro Faransa da gudun hijira,
Don masu aƙidarsa sarki ke muzgunawa.

Ya gama King's College a 1764,
Ya kama aikin lauya yana ƙwarewa.

Da yaƙin neman 'yanci ya turnuƙe ƙasa,
Tsarin mulkin jiharsa yana cikin masu tsarawa.

A 1783 a Paris, shi da Franklin da Adams,
Suka sa Ingila ta amince da rabuwa.

Shugaban ƙasa Washington ya kira shi a 1789,
Kujerar alƙalin alƙalai da shi ake farawa.

Ɗalibar shari'a: Allah ya gafarta Malam, baitocinka sun yi armashi, sai dai ka tsaya a ƙofar kotun ba ka shiga ba, don haka bari in shiga da ƙwar biyar.

Kotun da ya tarar ba ta da gini nata,
Kujeru shida ne, a 1790 aka fara zama,
Ginin 'yan kasuwa aka ara musu a New York,
Sannan su bi gari-gari a keken doki,
Cikin sanyi da taɓo suna kai hukunci.

A 1793 Washington ya aiko da tambayoyi,
Yana son fatawa kan yaƙin Faransa da Ingila,
Jay da abokan aikinsa suka ba shi haƙuri,
Domin kotu ba ta magana sai ƙara ta zo gabanta,
Iyakar nan har yau tana tsare alƙalanci.

A shekarar ce wani Chisholm ya yi nasara kan jihar Jojiya,
Kotu ta ce ɗan wata jiha na iya ƙarar jiha,
Jihohi suka fusata, gyara na 11 ga tsarin mulki ya biyo baya,
Hukuncin ya rushe, amma Jay ya riga ya rubuta
Cewa a hannun jama'a ne asalin shugabanci.

Dattijon zaure: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Kun yabi mutumin da abin da ya cancanta, amma akwai ɗakin da kuka wuce a gidansa ba ku leƙa ba, kuma ni ba zan iya wuce shi ba.

A 1785 ya shugabanci ƙungiyar 'yanta bayi,
Na ji wannan, ban ce masa ƙarya.

Ƙungiyar ta buɗe makaranta a 1787,
Baƙar fata suka samu inda za su kai 'ya'ya.

Amma a gidan shugaban akwai bayin da ya saya,
'Yan Adam ne a cikin lissafin dukiya.

Ya ce yakan 'yanta su in hidima ta mayar da kuɗinsa,
To wane bashi bawa ya ci da zai biya?

Dokar da ya sa wa hannu yana gwamna a 1799,
Ta bar uwa a ɗaure, ta yi wa jariri alkawarin 'yanci shi ɗaya.

Shi ma namiji sai ya cika shekara 28, mace 25,
Suna yi wa ubangidan uwarsu aikin wuya.

Bauta ba ta ƙare a jihar ba sai 1827,
Da yawa sun mutu idonsu yana kan hanya.

Malamin tarihi: Baba, ban musa maka ko baiti ɗaya ba, kuma abin ya daɗe yana damuna duk lokacin da na karantar da tarihinsa. Abin da ya sa ban ajiye shi ba shi ne yadda ya riƙe kansa a gaban mulki.

A 1792 ya nemi gwamna da George Clinton,
Ƙuri'un gundumomi uku aka yi sokewa.

Magoya bayansa suka tashi da fushi,
Shi kuwa haƙuri ya yi ta ba su har lafawa.

A 1794 ya ƙulla yarjejeniya a Landan,
Ingila ta yarda sansanoninta za ta yi kwashewa.

Jama'a suka ce ya sayar da ƙasa da arha,
Mutum-mutuminsa gari-gari ake ƙonewa.

Ya dawo a 1795 ya iske an zaɓe shi gwamna,
Ya ajiye alƙalanci, shekara shida yana riƙewa.

A 1800 jigon siyasa Hamilton ya rubuto masa wasiƙa,
A sauya dokar zaɓe, ɗan adawa Jefferson ake son tarewa.

Ɗan jam'iyyarsa ne, amma bai ba shi amsa ba,
A bayan takardar ya rubuta dalilin ƙyalewa.

Ya ce dabara ce ta amfanin jam'iyya,
Bai dace da shi ba ya zama mai ɗaukawa.

Ɗalibar shari'a: Baba da Malam, ku ba ni izini in raka shi gida.

Shugaban ƙasa Adams ya sake miƙa masa kujerar kotu,
Ya ƙi, ya ce ba ta da ƙarfin da ya kamace ta,
John Marshall ya hau a 1801,
Jay ya koma gonarsa ta Bedford,
Ya bar siyasa da rigar alƙalanci.

Shekara guda bayan nan Sarah matarsa ta rasu,
Bai sake aure ba, bai sake neman muƙami ba,
Ya ga 1827 da idonsa yana tsoho,
Ya rasu a 1829, ɗansa William ya ci gaba
Da yaƙar bauta da alƙalami don a samu 'yanci.

Dattijon zaure: 'Yata, kin raka shi da mutunci, kuma Malam ya kawo hujja mai nauyi.

Na karɓi batun wasiƙar Hamilton hannu biyu,
Na yarda a ranar nan ya tsaya a kan gaskiya.

Amma sunan Jay yana jikin titi da makaranta,
Na bayin gidansa nake so ku nemo mini ɗaya-ɗaya.