Makin ya fi ƙarfina, ku ba ni shawara

Malama Hauwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare wajen Farin Gada a Jos, azuzuwa uku, kowanne ɗalibai sun haura tamanin. Kullum sai na ciko jaka da littattafai na kai gida, har sha ɗayan dare jan biro na hannuna. Ga murya ta dishe. Don Allah yaya kuke yi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 zuwa 40. Aikin mutum biyu kike yi, ƙanwata, ba gazawarki ba ce.

Baba Malam: 'Yata, daina kai littafi gida. In aikin cike gurbi ne, su yi musanyar littattafai, ki rubuta amsa a allo, su maka wa juna, ke ki zagaya kina sa hannu. Insha'i kaɗai za ki karɓa, shi ma na 'yan layi ɗaya yau, na wani layin gobe.

Malama Rabi: Baba, a gafarce ni, musanyar nan tana da matsala. Abokai suna ƙara wa juna maki. Ni sai na sa mai makin ya rubuta sunansa a ƙasan shafi, sannan na zaro littafi biyar na sake dubawa a gabansu. Tun daga nan suka shiga taitayinsu. Gwajin da zai shiga sakamako kuwa, da hannunki.

Baba Malam: Gaskiyarki. Maganar murya kuma, kada ki riƙa gasar ihu da yara. Ki yi tafi, ki tsaya shiru har su natsu. Da hunturun Jos ga sanyi ga ƙurar alli, to ki riƙe fulas na ruwan ɗumi da citta da zuma. In dishewar ta wuce mako uku, ki ga likitan maƙogwaro. Dokar 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 ko 40 a bakin aiki, da wace muryar za ki kai can?

Malam Sani: Ni abin da ke cina kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa daga Bukuru ke lashe albashi. Mu huɗu muka yi jinga da mai keke ɗaya, muna biyansa ƙarshen wata. Amma sai mun riƙa halartar taron NUT, ƙungiyarmu ta malamai. Malaman firamare na Abuja sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Malama Rabi: Hauwa, ku nawa ne masu Turanci a makarantarku? Ku raba rubutun shirin darasi, kowa ya ɗauki mako biyu.

Malama Hauwa: Mu uku ne, Anti. Zan tuntuɓe su ranar Litinin. Na gode, Allah ya saka da alheri. In kina da na aji biyu, ki turo mini na gani.