In sayi sabon keken hawan dutse mai batir ko in gyara tsohon?

Tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Kekena mai injin Shimano E8000 ne, batir 504Wh, yanzu caji ba ya daɗewa. In koma keke mai EP8, injin Shimano da ya biyo bayan E8000?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. E8000 na ba da ƙarfin murɗawa 70Nm, EP8 kuma 85Nm. Sai a hawa mai tsauri za ka ji bambancin. Fara kai batirin shago a auna lafiyarsa. In shi ne ya gaji, sabon batir ya fi sabon keke araha nesa ba kusa ba. Duba birki ma, in yana goga faifai caji yake sha.

Amsa ta 2: Haka ne, Malam. Auna sarƙa kuma: in ta miƙe da 0.5%, canza ta kafin ta cinye haƙoran giya.

Amsa ta 3: In injin na ƙara ko sandar feda na girgiɗi, mai yiwuwa boris ɗin injin ne, ƙura da ruwa sun shiga. Nan sabon keke ya cancanta. Amma in keke mai injin kamfanin Bosch na tsarin Smart System za ka saya, tsofaffin batura da cajar Bosch ba sa shiga.