Doñana da ƙauyukan da ke kewaye: wa ya taɓa zuwa?

Baban Amira: Salam jama'a. Hutu ya kusa, yara sun dame ni sai na kai su su ga tsuntsayen nan masu dogon wuya da malamarsu ta nuna musu, filamingo. An ce min Doñana, gandun namun daji mai fadama a kudancin Sifaniya. Daga Sevilla za mu tashi, kwana 3 muke da shi, a watan Agusta. Ina za mu sauka, me za mu gani?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Agusta?? Alhaji canza wata.

Maman Khalil: Baban Amira don Allah ka ji maganata, kar ka kai yara a Agusta. Mu mun yi wannan gangancin a 2023. Maigida ya ga hotuna a Facebook, ruwa shimfiɗe har bakin cocin El Rocío, ƙauyen da ke bakin gandun, dawakai na kiwo a ciki, tsuntsaye fari fat, muka ɗauki mota haya muka kama hanya, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Muna isa wlh fadamar nan ta bushe ƙayau, ƙasa duk ta tsattsage kamar gona a watan bazara, ba ko kwaɗo. Khalil ya ce Umma ina tsuntsayen, na ce tambayi babanka. Ga garin kansa ba kwalta, duk titunan yashi ne, a ƙofar gidaje turakun ɗaure dawakai za ka gani, to mu kuma da ƙaramar mota, maigida ya ce zai yanke ta wani lungu, sai ga taya ta nutse. Rana tsaka, zafi ya haura 40, ni da hijabi ina tura mota yara na kuka a baya. Wani dattijo mai keken doki ne ya tsaya ya taimaka, Allah ya saka masa. Muka fito muna neman ruwan sanyi, shaguna duk a garƙame, kun san halinsu daga ƙarfe 2 sai wajen 5 ko fiye. Inda muka samu a buɗe kuwa cinyoyin alade ne reto a saman kanta. Da burodi da zaitun muka yini ranar. Daga baya na ji a labarai ai a shekarar har tafkin Santa Olalla, wanda shi ne babba da aka sani ba ya ƙafewa, ya ƙafe, kuma a 2022 ma haka.

Ɗan Damagaram: Hhhh "tambayi babanka". Allah ya ba maigida haƙuri.

Malam na Huelva: Gaskiyarta. Fadamar ruwan sama take jira, kuma damunarsu da sanyi take zuwa. Daga Janairu zuwa Afrilu shi ne lokaci, in an samu ruwa. Sai dai a kiyayi makon bikin El Rocío, kwana 50 bayan Ista, a Mayu ko Yuni yake faɗowa, mutane kusan miliyan ke cika ƙauyen, ko wurin tsayawa ba za ka samu ba. Sannan tsakiyar gandun ba a shiga da motar kai, sai da motocinsu masu jagora, kusan awa 4, kuma a kama wuri tun da wuri. Amma La Rocina da El Acebuche, wuraren karɓar baƙi na gandun, akwai hanyar katako da bukkokin leƙe, da ƙafa ake zagawa, yara za su iya.

Babarbaren Lepe: Ni fa abin nan na ba ni mamaki. Mutum ya biya kuɗi don ya kalli tsuntsu? Ku zo Nguru in kai ku Dagona kyauta, har kifi ku ci.

Jauro: Kai da ka shekara 6 ba ka leƙa gida ba, da wace motar za ka kai su?

Babarbaren Lepe: Bafillace yi shiru, kai ba don an ce akwai shanu da dawakai a fadamar ba ai ba za ka tanka ba.

Jauro: Ai na je na gani kuwa. Ranar 26 ga Yuni suke koro goɗiyoyi daga fadama su ratsa El Rocío zuwa Almonte, ƙura ta tashi kamar hawan sallah. Ban ga Babarbare ko ɗaya a kan doki ba.

Malam na Huelva: Zancen Nguru ba wasa ba ne fa. Da yawa cikin tsuntsayen nan ta mashigar Jibraltar suke tsallakawa, su keta Sahara su yi hunturu a wajajenmu. Baban Amira, in shamuwa kake son yara su gani, Dehesa de Abajo kusa da La Puebla del Río, ya ma fi kusa da ku. Sheƙa a kan itatuwan zaitun na daji ba iyaka, kana jin ƙarar bakinsu ƙwas ƙwas tun daga nesa.

Ɗan Damagaram: Tasu ba irin tamu ba ce, tamu baƙa ce mai farin ciki, tasu fara ce da jan baki, kuma ta fi girma.

Hajiya Ummi: Wannan ɓangaren na gonakin shinkafa sauro ne kamar me, su Isla Mayor. Kuma ba sauron wasa ba, a 2020 da 2024 zazzaɓin West Nile ya kashe mutane a wajen Coria da La Puebla. A tafi da maganin shafawa, kar a kai magariba a bakin ruwa.

Auta: Ruwan Doñana ma ai masu gonar fresa, wato strawberry, ne suka shanye shi da rijiyoyin sata. Kotun Tarayyar Turai ta kama Sifaniya da laifi a 2021 kan haka.

Babarbaren Lepe: Auta a hankali. Da fresan nan nake biyan haya nake aika wa tsohuwa. Ba kowace gona ke da rijiyar sata ba, kuma mu da muke duƙe cikin rumfar leda tun asuba ba mu muka haƙa ba.

Auta: Yaya ni ban ce ku ba ne.

Babarbaren Lepe: To ka riƙa bambancewa. Kai kana Madrid kana sha da madara.

Malam na Huelva: Ya isa haka. Wanda ya bi hanyar Huelva ya tsaya Niebla ko na awa 2 ne. Ganuwa ce ja ta ƙasa tun zamanin Musulmin Andalus, ta zagaye garin, in ka tsaya gindinta sai ka tuna badala. Cocin da ke ciki a da masallaci ne. Kogin Guadalquivir da ya ratsa Sevilla ma ai Wadil Kabir ne aka lanƙwasa.

Maman Khalil: Na manta, abinci: ku ce "sin cerdo", wato ba alade, kuma ku tambayi da wane mai aka yi, don har a kayan fulawa suna sa kitsen alade. Mu yanzu kula muke cikawa daga gida.

Hajiya Ummi: Kifi ne mafita. Sanlúcar, tsallaken kogi, akwai jirgin ruwa da ke kai mutane gefen gandun, a dawo a ci soyayyen kifi a Bajo de Guía. A Agustan ma suna sukuwar dawakai a bakin teku, yara za su so.

Baban Amira: Na gode ƙwarai. To amma masauki fa? Ba wanda ya ce komai.

Jauro: Ka sauka gidan Babarbare, shinkafa da wake dai ba za ta gagara ba.

Babarbaren Lepe: Mu 5 ne a ɗaki biyu. Hajiya Ummi, wai a Sanlúcar ɗin ana samun busasshen kifi irin namu, ko sai an je shagon 'yan Senegal?