Neman shawara: 'yata ta gama digirin fisiyo a Amurka, wasu na cewa Dakta, wasu na cewa mai tausa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok. 'Yata ta fari ta kammala karatun DPT, digirin dakta a fannin fisiyo, wato farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, za a yaye su a watan Mayu. Shekara huɗu ta yi a digirin farko, uku a wannan. Wallahi ko rigar yayen na hango rataye a ɗakinta sai ƙwalla ta cika min ido. Sai dai abu uku sun tsaya min a rai. Dangi a gida sun rabu biyu, wasu na ce mata Dakta, wasu na cewa ai gashin ƙashi da tausa ne kawai. Sannan ina son haɗa babbar walima a watan Yuni, ta ce in dakata, wai da sauran jarrabawa. Wace jarrabawa kuma bayan an gama? Mahaifinta kuma burinsa wata rana ta koma Najeriya ta yi aiki. Masu sani ku fahimtar da ni don Allah.

Wata likitar fisiyo:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Maganar walima, yarinyar ce da gaskiya. Takardar jami'a ba ta ba ta ikon taɓa majinyaci da sunanta, lasisin jiha ne ke bayarwa, lasisin kuma ba ya fita sai ta ci jarrabawar ƙasa da ake kira NPTE. FSBPT, haɗakar hukumomin lasisin fisiyo na jihohi, ke shirya ta, sau huɗu kacal a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Wanda aka yaye a Mayu, ta Yuli yake hari. Ke nan tsakanin yaye da jarrabawa abin da ke hannunta kamar mako goma zuwa goma sha biyu ne, walimar Yuni kuwa tsakiyarsu za ta faɗo.

Jarrabawar awa biyar ce a gaban kwamfuta a cibiyar Prometric, tambaya 225 cikin kashi biyar. 180 ne ake ba maki, sauran na gwaji ne, kuma ba za ta gane su ba, dole ta amsa duka da gaske. Maki daga 200 zuwa 800 ne, 600 ne cin nasara. Ba a wuce zama uku cikin wata goma sha biyu, zama shida ne iyaka a rayuwa, wanda kuma ya samu 400 ko ƙasa da haka har sau biyu an rufe masa ƙofa. Shi ya sa ba a shiga da niyyar “bari in gwada in gani”.

Abin da ke kayar da yara ba rashin sani ba ne yawanci, rashin juriya ne. Tambayoyin dogaye ne: ga tsoho da aka sauya wa ƙashin ƙugu kwana uku da suka wuce, ga hawan jininsa, ga kumburi a sha-raɓarsa, me za ki fara yi? Amsa biyu za su yi kama da daidai. A awa ta huɗu ƙwaƙwalwa ta gaji, a nan maki ke zubewa. Maganinsa ta yi jarrabawar gwaji cikakkiya, awa biyar a zaune, aƙalla sau uku, har da PEAT wadda hukumar kanta ke sayarwa. Taimakonki a nan shi ne ki ɗauke mata girki da aike da raka ƙanne. Sakamako na fitowa kamar mako guda bayan zama, sai ki sa walimarki a Agusta ki yi ta da dalili biyu.

Wani malamin jami'a:

Hajiya, batun suna zan taɓa. Dakta ce, babu ƙarya a ciki, amma a san irin daktan. Akwai MD, likitan da ke rubuta magani da yin tiyata. Akwai PhD, na bincike da rubuta kundi. Nata digirin dakta ne na aikin jinya, kuma yanzu duk makarantun fisiyo na Amurka da hukumar CAPTE ta amince da su shi suke bayarwa. Ba za ta rubuta wa kowa maganin hawan jini ba, don haka a ja kunnen dangi kada su fara turo mata hoton kwalin magani ta WhatsApp. A wurin aiki ma idan ta ce Dakta, dole ta haɗa da cewa ta fisiyo ce, kada majinyaci ya ɗauke ta MD. Bayan sunanta kuma PT, DPT za ta riƙa rubutawa, PT ɗin, mai nufin likitar fisiyo, sai lasisi ya zo hannu.

Masu cewa tausa kuwa, a tambaye su wa ke tayar da mai shanyewar ɓarin jiki ya koyi zama, ya koyi tsayuwa, ya koyi taka ƙafa. Wa ke hana gwiwa sandarewa bayan tiyata, yana auna lanƙwasarta da ma'auni digiri bayan digiri? Yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa da bai riƙe wuya ba, mace mai ɗigon fitsari bayan haihuwa, mara lafiyar da ya daɗe kwance har majina ta taru a ƙirjinsa, duk hannunsu suke bi. Yawancin makarantun nan sai ɗalibi ya yanka gawa ya ga jijiya da tsoka da idonsa, sannan ya yi aƙalla mako 30 yana aiki a asibiti ƙarƙashin kulawa. Gashi da tausa suna ciki, amma kamar gishiri a miya.

Wata ma'aikaciyar ofishin ɗalibai:

Anti, ni takardu zan yi magana a kai, don a nan ake yin asarar banza. Ta duba sunan da ta yi rajista da shi, ya zama harafi da harafi daidai da na katin shaidarta. Sunayenmu na da wannan matsalar: fasfo ya ce Mohammed, katin tuƙi ya ce Muhammad, ko a raba Abdul da Rahman a wata takarda a haɗe su a wata. A ƙofar Prometric ba a jin bayani, kuma kati biyu ake nunawa. Idan aka mayar da ita, sai Oktoba.

Matakan a jere suke: makaranta ta tabbatar wa FSBPT cewa ta gama, ta nemi lasisi a jihar da za ta yi aiki, ta biya kuɗin jarrabawa, wanda ya kusa dala 500 ban da na cibiya da na jiha, takardar izinin zama ta fito, sannan ta kama gurbi. Ranar da izinin ya fito ta kama, don kujerun kusa da gida na cika da wuri. A Niyok ana iya neman izinin aiki na wucin gadi ƙarƙashin mai lasisi kafin ta ci jarrabawa. Idan wata jiha za ta koma, irin Kalifoniya ko Florida, akwai ƙarin jarrabawar dokokin jiha. Bashin karatu na gwamnatin tarayya kuma, in ta karɓa, wata shida bayan yaye ake fara biya, kuma ruwansa bai tsaya jira ba.

Wata mai shirya bikin yaye:

Ni dai Hajiya kada a hana ki murna gaba ɗaya. Ranar yayen ki yi tuwo da miyar kuka ku ci a gida, mutum ashirin, a watse kafin isha'i. Wannan ba zai ci mata karatu ba.

Ki tambaye ta ko bikin biyu ne, domin sau da yawa na sashensu daban da na jami'a. Na sashen ne ake kiran suna a rataya mata gyalen dakta, shi ne bai kamata ki rasa ba, kuma tikiti ƙidayayye ne. Rigar tana da layi uku na karan-miski a kowane hannu, bakin gyalen fisiyo kuma launinsa tsakanin shuɗi da kore ne. Ta baya malami ke zura shi ta saman kai, don haka ta sa hijabi mai kama kai, ba babban mayafi ba, ta kafe hular da fil biyu. Gyalen na da nauyi ta baya, yana ja ya shaƙe wuya. Akwai ɗan zare a gabansa, ta maƙale shi a maɓallin riga. In ba ta son musabaha da namiji, ta gaya wa sashen tun kafin ranar.

Wani likitan fisiyo daga Kano:

Hajiya, ki gaya wa Alhaji hanya a buɗe take, amma lasisin Amurka ba ya aiki a Najeriya kai tsaye. Hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista, kuma wanda ya yi karatu a waje sai ta tantance shi. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ma za ta tantance takardun. Ta adana cikakken sakamakonta da bayanin darussa da lissafin awannin da ta yi a asibiti tun yanzu, neman su bayan shekara biyar wahala ce. Ga kuma bautar ƙasa, wadda shekarunta lokacin gama digirin farko ke yanke hukuncinta. Ƙasa da 30, sai ta yi.

Shawarata kada ta yi gaggawa. Ta samu lasisin can, ta yi shekara biyu ko uku, ta zaɓi fanni. Buƙatar gida ta fi yawa a shanyewar ɓarin jiki, yara, da lafiyar mata, musamman da yake mata da yawa ba sa sakewa da likita namiji. Asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Aminu Kano duk suna da sashen fisiyo, in ta zo hutu ta leƙa ta ga yadda layi yake da safe.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da walima Agusta. Yanzu na sa ta ɗauko fasfo da katin tuƙi, ga shi kuwa sunan mahaifinta ya bambanta da harafi ɗaya. Wanne za ta fara gyarawa?