Shin Kirista zai iya riƙe Littafin Farawa kuma ya yarda da juyin halitta?

Ishaya_D:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Farawa ta ce Allah ya yi sama da ƙasa cikin kwana shida, masana kimiyya kuma sun ce duniya ta kai shekara biliyan 4.5, kuma halittu sun rarrabu ne sannu a hankali daga tushe ɗaya. Akwai inda ɓangarorin nan suka haɗu, ko dole mutum ya zaɓi ɗaya?

Malama Rahila:
Ɗan'uwa Ishaya, fara da abin da babu gardama a kansa. Har masu riƙe kwana shida na sa'a 24 sun yarda cewa halittu suna sauyawa. Abu uku ne ke aiki: 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, suna gadon bambancin, sannan wanda bambancinsa ya dace da yanayi shi ke tsira ya hayayyafa. Dubi ƙwayar cutar zazzabin cizon sauro. Maganin kulorokwin yana kashe yawancinsu, amma 'yan tsirarun da suka sami sauyi a ƙwayar gadonsu sukan rayu, jikokinsu su cika fili. Haka juriyar ta ɓulla a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka ƙarshen shekarun 1950, ta iso Afirka ƙarshen shekarun 1970. Dokokin gadon ma wani ɗan zuhudu ne, Gregor Mendel, ya gano su da gwajin wake, ya wallafa a 1866.

Inda ake rabuwa shi ne ko sauyin yana tsayawa a cikin "iri" ɗaya na halitta ko yana wucewa ya haifar da wani iri. A nan hujjar kimiyya tana da ƙarfi. Mutum yana da kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, nau'i biyu-biyu 23, birin cimfanzi 24, kuma kuromozom mai lamba biyu a jikin mutum yana ɗauke da tabon inda guda biyu suka manne.

Fasto Bitrus:
Na gode Malama. Ta fuskar Nassi, kalmar Ibraniyanci "yom" tana nufin yini, tana kuma nufin zamani. Ku lura, sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata, to da me aka auna kwana ukun farko? Aya ta 11 da ta 24 a Farawa sura ta 1 kuma sun nuna Allah yana umartar ƙasa ta fitar da tsiro da dabbobi, wato ya yi aiki ta hanyar abin da ya riga ya halitta. Wannan fahimta ba tsoron Darwin, masanin da ya shahara da bayanin juyin halitta, ne ya haife ta ba. Agustin, bishop na Hippo, ya rasu a shekara ta 430, tun kafin Darwin da daɗewa, kuma bai ɗauki kwanakin a matsayin kwanakinmu ba. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya ba da damar binciken asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa Allah ne da kansa yake halittar ruhu. Wanda ya kawo batun faɗaɗar sararin samaniya a 1927, Georges Lemaître, fada ne na Katolika.

Yakubu_M:
Fasto, gaskiya ne, sai dai kada Ishaya ya tafi da zaton an daidaita komai. Maganar shekaru mai sauƙi ce, domin cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu lissafin Bishop Ussher na Ireland ne na 1650 daga jerin zuriya, ba aya ba ce. Mai wuyar ita ce Adamu. Romawa 5:12 ta ce mutuwa ta shigo ta wurin zunubin mutum ɗaya, alhali ƙasusuwan da ke cikin duwatsu sun nuna dabbobi suna mutuwa miliyoyin shekaru kafin mutum. Wasu sun ce Bulus rabuwa da Allah yake nufi, ko mutuwar ɗan Adam kaɗai, tunda ayar ta ce mutuwar ta bazu ga dukan mutane. Wasu ba su gamsu ba, kuma damuwarsu ta gaske ce, don sun ga fansa ta rataya a kan faɗuwar. Ishaya, karanta Romawa 5 tare da 1 Korintiyawa 15 kafin ka tsai da ra'ayi.