Zauren tsofaffin unguwa: wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana yadda ya yi

Mai tambaya, daga Madani

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga wanda ya taɓa sa hannunsa a irin wannan aiki.

Mun fita daga Madani, a nan Sudan, saboda yaƙi a Disambar 2023, muka dawo bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025. Fasassun ƙofofi da kayan da aka kwashe ba su dame ni ba kamar yadda na tarar da tsofaffinmu. 'Ya'yansu wasu suna Masar, wasu Saudiyya, wasu Bur Sudan, wasu kuma Allah Ya karɓi abinSa. Ina da gwaggo a bayan layinmu da take yin kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba in ban da yaron da ke kawo mata ruwa.

Wasu magada sun ba mu aron gida mai ɗaki 2 da tsakar gida, na shekara 3, don mu yi wa dattawa wurin zama. Mu 7 ne a kwamiti. Zama uku muka yi, kowanne da gardama aka tashi: wannan ya ce ɗakunan kwana, wancan ya ce mota, wani ya ce ɗan ƙaramin asibiti. Kuɗin hannunmu kuwa ko ɗaya daga ciki ba zai kammala ba. Da me kuka fara? A ina kuka yi tuntuɓe?

'Yar'uwa daga Kasala, ma'aikaciyar jinya

Wa alaikumus salam. Yayana, ku ajiye maganar gini da mota tukuna, ku sayi littafi da biro.

Mu da takiyya muka fara, girkin unguwa da ake rabawa, lokacin da 'yan gudun hijira daga Khartum da jihar Jazira suka cika makarantu. A layin karɓar abinci na lura tsofaffi ba sa zuwa. Yara ake aikowa da kwano, kuma babu wanda ya san ko abincin yana kai wa bakin mai shi. Sai mu mata huɗu muka shiga gida-gida, sati 3 muna yi. Tambayoyinmu ba su da yawa: wa ke kwana tare da ke? Wane magani kike sha, saura na kwana nawa? Kina iya takawa zuwa bakin titi? Me kike so ki riƙa yi da hantsi?

Shekaru ma sai da dabara, don yawancinsu ba su da takardar haihuwa. Mukan ce, Inna, ranar da aka ɗaga tutar 'yancin kai a 1956 kina da wayo? Da Numairi ya hau mulki a 1969 an yi miki aure? Shekarar ambaliya ta 1988 'ya'yanki nawa? Da haka muke kintata.

Mun shiga da tunanin yunwa ce babbar matsala. Akwai ta, amma abin da ya fi fitowa daga bakinsu maganin hawan jini da na suga da ke yankewa ne, sai yanar ido, sai kaɗaici. Mai hawan jini da ya sha magani wata ɗaya ya bari wata biyu, shanyewar ɓarin jiki yake jira. Saboda haka muka ware safiyar Asabar don awon jini da duba kwalin kowa, a rubuta ranar da zai ƙare. Masu allurar insulin kuma, tunda wuta ba ta zama, muka koya musu sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye cikin sanyin randa a inuwa, kada ruwa ya taɓa murfin.

Ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Akwai wata tsohuwa da take zuwa kullum, amma ko an miƙa mata shayi sai ta ce ta ƙoshi, ruwa ma ba ta sha, ga zafin Kasala. Na ɗauka kunya ce. Rannan na zauna kusa da ita a kan tabarma, na matsa mata, sai ta sunkuyo ta ce, 'yata, in na sha zan nemi bayi, in na tsuguna kuma gwiwata ba za ta tashe ni ba, ba na so yara su ɗago ni. Wallahi sai da na yi hawaye. Washegari muka kira magini ya ɗaga mazauni da bulo, ya kafa ƙarfen kamawa a bango, ya rage tsayin dakalin ƙofa. Bayan an gyara, mata uku da suka daina zuwa suka dawo, ashe duk dalilinsu ɗaya. Ku fara duba bayin gidan nan da aka ba ku kafin komai.

Sannan ku rubuta abin da za ku yi ranar da aka ce a rufe. Da kwalara ta ɓulla a nan a Agustan 2024 dole muka dakatar da taruwa. Littafin nan ne ya cece mu, don kowace mai sa kai ta san gida biyar da ke wuyanta.

Ɗan'uwa daga Gadarif

Malam, ni ne ma'ajin namu, kuma zan faɗi kuskurenmu a fili. Da gini muka fara. Muka zuba duk abin da muka tara a ɗaki ɗaya babba na bulo da rufin kwano. Afrilu na shigowa ɗakin ya zama tanda. Dattawan suka kwashi gadajensu na igiya suka koma gindin darbejiyar ƙofar gida, ɗakin ya zama wurin ajiye buhuna. Da mun tambaye su, da rumfar zana muka yi da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin, sauran ya tafi magani.

Lissafi kuma kada ku yi shi da fam, kuɗinmu na Sudan, don darajarsa faɗuwa take yi. Abin da kuka rubuta a Muharram, kafin Rajab ya zama labari. Mu yanzu da kaya muke rubutawa: buhun dawa kaza a wata, sukari kaza, gawayi kaza, kwalin magani kaza. Mai alkawari ma da kaya yake yi. Wani manomi ya ce amfanin fadan 2, wato kusan eka 2, na gonarsa na zauren ne duk shekara, kuma wannan ya fi mana tarin kuɗin da ake yi rana ɗaya a watse.

Mun kai wa malamanmu maganar zakka, suka ce hakkin mabuƙaci ce, a damƙa masa, kada a sa ta a bulo da siminti. Sai muka raba asusu biyu. Zakkar hatsi, wato ɗaya cikin goma na noman ruwan sama, tana tafiya ga tsofaffin da ba su da mai yi musu. Sadaka da wakafi su ne na rumfa, da gyara, da ɗan ihsanin mai dafa shayi.

Ku kuma duba kalandar garinku. A nan daga Yuli zuwa Satumba baƙar laka ba ta barin saurayi ma ya taka, balle mai sanda. Oktoba kuwa samarin da ke taimaka mana duk sun tafi yankan riɗi. Shekarar farko ba mu yi wannan lissafi ba, wata huɗu zauren yana kulle. Yanzu manyan ayyuka a sanyi muke yinsu, damina kuma ziyarar gida.

Wani aikin da bai zo mana a tsari ba shi ne takardu. Da aka fara canjin takardun kuɗi na fam 500 da 1000 a Disambar 2024, aka ce sai ta asusun banki, sai ga dattawa da kuɗinsu ƙulle a tsumma, ba asusu, wasu ko lambar ɗan ƙasa babu. Ku sa mutum ɗaya mai haƙuri da bin layin ofis a kwamitinku.

Daga Bur Sudan

Tawa gajeriya ce. Ku lissafa ruwa kafin shayi. Da madatsar Arba'at mai ba garinmu ruwa ta fashe a Agustan 2024, abin da muka ware na wata guda a sati ɗaya masu kuran ruwa suka cinye shi. Lokaci kuma, daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Duk wanda ya sa wa tsoho zaman azahar bai san rana ba.

Ɗan'uwa daga Jidda

Ni daga ɓangaren masu aikowa nake magana, kuma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekara guda mu shida muna haɗa kuɗi duk wata muna tura wa wani kwamiti a gida. Ko sau ɗaya ba a nuna mana an sayi kaza da kaza ba. In ka tambaya a ce ba ka yarda da mutane ba. Ban ce an ci ba, Allah Ya sani, amma huɗu daga cikinmu sun janye, kuma tsofaffin ne suka ji a jikinsu. Ku sa hannu biyu a kan duk kuɗin da zai fita, ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin littafi a turo. Minti biyar ne.

Na biyu, kada ku jingina duka a kanmu. Mu ma nan kuɗin iƙama da haya suna kanmu, kuma tun rusau ɗin unguwannin Jidda na 2022 da yawa cikinmu suka koma gidaje masu tsada. Ku tuna Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke a Sudan, Bankak, manhajar bankin da muke tura kuɗi da ita, ta tsaya, kuɗi na hannunmu amma ba hanyar isar da shi. Ya kamata a ce kullum akwai hatsi da maganin wata biyu a ajiye.

A tsohon garin Jidda akwai ribaɗi, gidajen wakafi da tsofaffin mata marasa galihu ke zaune ciki. Abin da na lura, wanda mai wakafin ya haɗa masa da shago ko gidan haya shi ne yake tsaye da ƙafarsa. Tunda aron shekara 3 aka ba ku, tun yanzu ku fara tunanin inda za ku dosa a ta huɗu.

Dattijo daga Maiwurno, jikansa ne ya rubuta masa

Ɗana, an karanta mini duk abin da aka faɗa, Allah Ya yi muku albarka. Amma ban ji an ce ku sa tsoho a cikin ku bakwai ɗin nan ba. Ana shawarar aski, mai kan yana waje.

Kada ku yarda a kira wurin gidan gajiyayyu, kuma kada ku yi ɗakin kwana. Ranar da na kwana a can, an gama zagin 'ya'yana a gari, ni kuma gara in mutu a ɗakina da a ce sun yar da ni. Ku ce zaure. Zaure kowa na zuwa, ya sha gahawa, ya koma gidansa da mutuncinsa. Mata su sami ranarsu da rumfarsu, don ba za su sake a gabanmu ba.

Kuma ku ba mu aiki. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu. Ni na ji labarin tafiyar daga bakin waɗanda aka goyo a hanya. Yau in na yi wa jikokina Hausa da Larabci suke amsa mini. Ku kawo mana yara ranar Alhamis da yamma, mu ba su labari, mata su yi musu tatsuniya, mai iya saƙar gado ya koya musu. Hannuna yana rawa amma har yanzu ina ɗaure igiya ta yi shekara ba ta saki ba.

Abu na ƙarshe. Bayan rikicin ƙabilancin da ya faru a Rusairis da Damazin a 2022, kada ku rubuta sunan ƙabila a ƙofa. Tsohon maƙwabcinku, ko wane yare yake yi, a shimfiɗa masa tabarma.

Mai tambaya, daga Madani

Baba, mun ji, kuma mun karɓa. Jiya na karanta wa kwamiti saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. An janye maganar ɗakin kwana da ta mota. Mun roƙi limaminmu na da, da wata inna da ta yi shekaru tana unguwarzoma, su shigo cikinmu, sun amsa. Na je na duba bayin gidan kamar yadda ƙanwata ta Kasala ta ce, ramin tsuguno ne, dakalinsa ya kai gwiwa, magini zai zo ranar Lahadi.

Ƙanwata, in ba damuwa ki turo mini hoton shafi ɗaya na littafinku, ki rufe sunayen, in ga yadda kuka ja layukan. Gobe bayan la'asar za mu fara shiga gidaje, daga ɗakin gwaggona.