Birki a gangaren falez: kowa ya faɗi yadda ya kwashe

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Jibi zan taso daga Ngaundere zuwa Garwa da motar yayana, kuma ban taɓa sauka falez ɗin Mbe, wato babban gangaren dutsen da ke kan wannan hanya ta Kamaru, ina riƙe da sitiyari ba. Ku da kuka saba, yaya kuke yi da birki?

Baba Mai Tirela: Wa alaikumus salam. Ɗana, a wannan gangaren giya ce ke sauke mota, birki ɗan rakiya ne. Ngaundere ta haura mita 1,000 a kan tudu, Garwa kuwa tana can ƙasa bakin Binuwai. Tun kafin kwanar farko ka koma giya ta 2, inji ya riƙe ka. Ina yaron mota, maigidana ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba. Muna tsakiya sai ƙauri ya tashi, birki ya ɗau zafi, yana takawa mota na tafiyarta. Da jikin dutse ya goga mu muka tsaya, ni kuwa salati kawai nake. Ka taka sosai, gudu ya ragu, ka saki ya sha iska.

Malam Na Kuseri: Gaskiyar Baba ce. Kuma kada tsadar mai ta sa ka jefa motar a firi, wato ka cire ta daga giya. Na yi sau ɗaya, da ƙyar giya ta sake shiga.

Hajiyar Marwa: Nawa ba a falez ba ne, tsakanin Marwa da Mora ne, saniya ta faɗo mini titi. Na taka, sai birkin ya hau karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, na tsorata na saki! Ashe ABS ne, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa in an taka birki da ƙarfi, ke aikinsa. Bakanike ya ce a irin wannan mota danne shi ake yi kar a ɗaga, a kauce da sitiyari. Taka-saki a birkin gaggawa na tsofaffin motoci ne. Saniyar dai ta tsira, fitilata ce ta tafi.

Malam Na Kuseri: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. A gudun kilomita 90, mota na cin mita 25 duk daƙiƙa, kafin ma ƙafa ta kai birki.

Ɗan Garwa: Na gode. Amma Baba, motar otomatik ce fa.

Baba Mai Tirela: To ka mayar da ita L ko 2, wato ƙaramar giya, tun kana sama. Ka duba man birki kafin ka bar gari.